Shekarar da Aka Rage Mani Halshe

Ina da shekara tara aka rage mani halshe. Aikin da likita ya yi bai kai rabin yini ba, amma kafin mu kai ga wannan rabin yinin sai da muka share fiye da shekara muna kai da kawowa.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Gangara, ba nisa da iyaka. Baba manomi ne, da rani kuma yana tufka igiya ya kai kasuwa. Inna tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce da abin aka haife ni, sai dai da farko ba wanda ya kula, don jarirai da yawa suna barci da halshe a waje. Ita kaɗai ta san akwai matsala, saboda ba na iya kama nono. Sai ta tatsa a ƙoƙo ta ɗura mani da ɗan ludayi, rabi ya shiga, rabi ya bi wuya. Ina girma yana girma, har ya fi ni sauri. Lokacin da na yi wayo bakina ba ya rufuwa. Halshen ya kwanta bisa leɓen ƙasa, ya leƙo waje kamar faɗin yatsu uku, samansa duk ƙananan ƙuraje masu ruwa kamar ƙwan kwaɗo. In suka fashe sai jini. Da bazara ɓangaren da ke waje ya bushe ya tsage, Inna ta riƙa shafa mani man shanu da gashin kaza. Kullum da tsumma ɗaure a wuyana saboda miyau, kullum kuma hannuna yana korar ƙuda. Abincina kunu ne da fura mai ruwa-ruwa da tuwon da aka dama cikin miya marar yaji.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ban taɓa sabawa da shi ba shi ne magana. A cikin kaina tana fita tsaf, kalma bayan kalma, amma tana isowa baki sai ta dame. Inna tana gane rabin abin da nake faɗa, Baba yana gane kaɗan, sauran mutane kuwa suka yanke cewa ba ni da cikakken hankali. Mata su shigo sayen mai, su tsaya a kaina suna hirata kamar ba na wurin. Wata ta ce lalle Inna ta yi wa kare mai haki dariya tana da cikina. Wata ta ce rijiya ta je da tsakar rana. Wata ta tambaya ko ina sanin sunana in an kira. Ina zaune ina jin su, ina da amsar kowace, in na buɗe baki kuma sai su ce Allah sarki, ga ta nan tana ƙoƙari. Malamin makarantar allo ma bai yi wata guda da ni ba ya ce in zauna gida, wai ina ɓata wa sauran yara karatu, suna kwaikwayona suna dariya.

Ina kamar shekara biyar aka kira wanzami. Dattawan gidanmu ne suka matsa wa Baba, suka ce mugun jini ne ya taru, in aka fitar da shi halshen zai koma. Aka zaunar da ni bisa turmin da aka kife, wani ƙanen Baba ya riƙe mani kai. Wanzamin ya yi tsaga a ƙarƙashin haɓata ya kafa ƙaho, sannan ya ɗaga halshen ya shata shi ta ƙasa wuri biyu. Jinin bai tsaya ba sai bayan la'asar. Kwana bakwai halshen yana kumbure, baƙi ƙirin, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Baba ya zauna bakin ƙofar ɗaki duk kwanakin nan, bai je gona ba. Ran da na fara shan kunu ya rantse a gaban kowa cewa muddin yana da rai ƙarfe ba zai sake taɓa bakin ɗiyarsa ba. A lokacin na ji daɗin rantsuwar. Ban san ita ce za ta tsare mani hanya ba.

Da na kai shekara bakwai aka zo ɗaukar ƴan lakol, wato makarantar boko. Mai gari ya ba da sunana ne don ya cika adadin da aka nema, yana ganin za a maido ni. Mushen da aka turo mana don ya koyar da mu, wani siririn saurayi daga wajen Agye, bai maido ni ba. Ya lura ina riga kowa gama rubutu a ɗan allon da ake ba mu, sai ya daina tada ni karatu da baki, ya ce in rubuta amsa in ɗaga. Ran nan na fara sanin daɗin a yi tambaya in amsa a gane. Wata rana bayan an tashi ya biyo ni har gida, ya zauna da Baba a zaure. Ya ce yarinyar nan kanta ƙalau yake, halshen ne kawai, kuma ya kamata likita ya gani. Ya rubuta takarda da faransanci ya ce a kai wa babban ma'aikacin gidan likitan Gazawa, wanda ake kira majo.

Muka tafi a amalanken shanu ran kasuwa. Majo dattijo ne mai furfura a gemu. Ya haska bakina da tocila, ya danna halshen da ɗan katako, ya tambayi Inna yadda nake barci da yadda nake ci. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ba kuma abin allura ko ƙwaya ba ne. Jijiyoyin ruwa ne suka yi yawa a cikin naman tun ina ciki. Amma a asibitin birni akwai likitan da yake irin aikin: a sa yaro barci, a yanke wani yanki na halshen, a ɗinke sauran.

Baba ya ce, "A yanke?"

Majo ya ce e, a rage shi daidai baki.

Baba ya yi godiya, ya karɓi takardar da majo ya buga wa hatimi, ya ninke ta ya sa a aljihu. Muka koma gida. Ya soke takardar a jikin rufin ɗakinsa, nan ta zauna wata biyar.

A watannin nan gidanmu bai da wata magana sai wannan. Inna ta ce a je. Baba ya ce ya ga abin da aska ta yi, kuma wanda aka yanke wa halshe da me zai yi salati. Dattawa suka ce Allah ne ya halicce ta haka. Maƙwabta kowa da nasa. An tambayi kowa ban da ni. Na ɗauko allona na rubuta da manyan baƙaƙe "a yanke", na kai wa Baba. Ya duba, ya shafa kaina, ya ce rubutun ya yi kyau. Baba ajami ya iya, Inna ba ta iya ko ɗaya ba. Mushe kuwa ya tafi, domin lokacin ne aka gama babban taron ƙasa, ma'aikata suna ta yajin aiki, aka rufe lakol ba ranar buɗewa. Na faɗa da baki, na sake faɗa, Inna ta ce wa Baba wai ina cewa ina tsoro.

Da abin ya ishe ni, wata rana Baba yana tufka a inuwar bishiyar bedi, na shiga madafa na ɗauko wuƙar Inna. Na ajiye ta a gabansa, na nuna ta, na nuna halshena, na nuna hanyar Gazawa. A ganina ba bayanin da ya fi wannan fita. Baba ya zabura ya fizge wuƙar, ya ɗaga ni ya girgiza, yana tambaya wa ya koya mani wannan. Ya ɗauka kaina nake so in yi wa lahani. Daga ranar aka kwashe duk wuƙaƙen gidan aka sa bisa rumbu, aka kuma hana ni zama ni kaɗai. Na yi kuka har muryata ta dushe, su kuma suka ɗauka kukan tsoro ne, suna ta lallashina da cewa ba wanda zai taɓa ni.

Mura ce ta yi abin da na kasa. Bayan girbi ta kama ni, halshen ya kumbura fiye da yadda ya taɓa yi, ya toshe mani maƙogwaro. Da rana tsaka ina zaune jingine da bango, numfashi yana fita da ƙara, leɓɓana suka sake launi. Baba ya goya ni a bayansa, abin da bai taɓa yi ba, ya yi ta sauri har bakin hanya inda muka samu mota. Majo ya yi mani allurai, ya riƙe ni kwana uku. Da zai sallame mu ya ce wa Baba, ba tare da ɗaga murya ba, cewa wannan karon an iso da ita, wani karon ba lalle ba ne. Da muka koma gida Baba ya je wurin liman ya tambayi yadda ake kaffarar rantsuwa, ya yi, sannan ya zaro takardar daga rufin ɗaki.

Na ɗauka an gama. Ashe lokacin aka fara.

Tafiyar farko ni da Baba muka yi. Amalanke zuwa Gazawa, sannan motar haya da ta tsaya a Agye ta yi ta jiran fasinja har rana ta take. Jandarma suka sauke mu sau biyu. A kowace tsayawa mutane su kewaye ni suna leƙe, sai Baba ya yafa mani rawaninsa a kai. Da muka isa asibitin, ƙofa a rufe, an liƙa takarda a jiki. Mai gadi ya ce yajin aiki ake, sai wanda ke bakin mutuwa ake karɓa. Baba ya yaye rawanin ya nuna mashi bakina. Mai gadin ya kau da kai ya ce ai tana tafiya da ƙafarta. Ya ce mu dawo in an janye. Yaushe za a janye? Ya ce mu saurari rediyo.

Baba yana da yaya da aka aurar tuntuni a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, can ƙasar Gidan Rumji. Wajenta ya fi kusa da birni bisa ga namu, don haka can muka nufa. Gwaggo doguwa ce mai faɗa, ta daɗe a can har bakinta ya koma na Gobirawa. Ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ce Allah sarki ba, ta ce wa Baba ya bar mata ni ya koma ga iyalinsa, in an buɗe ita za ta kai ni. Na yi wata bakwai a gidanta.

Mijinta yana da rediyo, kullum da safe ina gefensa. Ba abin da ake ji sai jam'iyyu da taro da jawabi. Kowa yana magana a ƙasar nan, manoma ma a gindin bishiya gardama suke wace jam'iyya ce ta talaka. Ni dai kalma ɗaya nake jira, a ce an koma aiki. Da aka ce an koma, muka tafi ni da Gwaggo. Aka ce likitan ya tafi taro babban birni, sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa muka koma, wani mai riƙe da rajista a buro, wato ofis, ya juya takardar majo gaba da baya, ya ce ta tsufa, sai an kawo sabuwa mai sabon hatimi. Gwaggo ta tambaye shi ko halshen ma ya tsufa. Sai ya kira na bayanmu. Sai da aka aika wa Baba saƙo ta bakin wani mai sayar da wake, shi kuma ya je Gazawa ya karɓo sabuwa ya aiko, wata guda ya tafi a nan. Da muka kai sabuwar aka ɗebi jinina aka ce ya yi kaɗan, ba a iya yi wa yaro aiki haka. Aka ba mu jajayen ƙwayoyi, Gwaggo ta riƙa daka mani hanta da zogale tana damawa a kunu. Kafin jinin ya ƙaru an sake shiga yajin aiki.

A cikin wannan zaman ne wata jam'iyya ta zo taro ƙauyen su Gwaggo, da motoci da lasifika da makaɗa. Wani daga cikin manyansu ya hango ni a bayan mata. Ya aiko aka tambayi Gwaggo labarina, ya ce shi da kansa zai ɗauke ni a motarsa ya kai ni har gaban likita. Gwaggo ta yarda. Sai ga shi an ɗaga ni an ɗora bisa bayan mota, an cire mayafin da na rufe baki da shi. Mutumin ya dafa kaina, ya ce jama'a su dubi yadda aka bar ɗiyan talakawa. Ya yi ta magana, miyau yana zuba a rigata, ɗaruruwan idanu a kaina, wasu suna tafi. Na so in ce a sauke ni, na san kuma in na buɗe baki lasifikar za ta kai muryata har bayan gari, sai na yi shiru. Da suka gama suka ce jibi mota za ta zo. Gwaggo ta yi mani kitso, ta wanke mani riga, muka zauna bakin hanya tun hantsi har rana ta faɗi. Kashegari ma haka. A rana ta uku ta ce in tuɓe rigar kada ta yi datti. Kwana biyu ban ci abincinta ba don haushi. Ita ma ba ta lallashe ni ba, amma na ji ta tana ce wa mijinta ita ta jawo, kuma ba ta sake bari wani ya cire mani mayafi ba.

Sai da damina ta kankama muka ga likitan. Baba ya bar noma ya zo. Likitan gajere ne, hausarsa irin ta wanda ya koya da girma. Ya gaida Baba da Gwaggo, sannan ya jawo kujera ya zauna daidai fuskata, ya ce, "Ƴan mata, an ce kina lakol. Kin iya rubutu?"

Na ɗaga kai. Ya miƙo mani takarda da alƙalaminsa. Ya zana halshe a wata takardar, ya ja layi biyu daga gefen baki suka haɗu a tsakiya, kamar yadda ake yanka ɓarin kabewa. Ya ce wannan ɓarin za a cire, a haɗa gefe da gefe a ɗinke, jijiyoyin ɗanɗano da na motsi suna ta gefe da ƙasa, za a kiyaye su. Baba ya tambaya ko zan ji ɗanɗanon abinci, ko zan iya salla. Likitan ya ce in Allah ya so. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke fa, kina so a yi?"

Na rubuta e, na danna alƙalamin har ya huda takardar. Ya karanta wa Baba. Baba ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Na sake rubutawa a ƙasa: zan yi magana?

Likitan ya ce, "Za ki rufe baki, za ki ci tuwo, za ki yi numfashi ba wahala. Magana kuwa sai kin koya. Ban sani ba ko za ta fita kamar ta kowa."

Na ji shi sarai, amma farkon maganar kawai na riƙe.

Aka sa rana. Aka ɗebi jinin Baba aka ajiye saboda ni. Aka ce kada in ci kada in sha tun asuba. Na zauna bisa gado cikin wata koriyar riga mai igiya a baya, tun safe har aka kira azahar, halshena ya bushe kamar fata. Sai wata ma'aikaciya ta zo ta ce iskar da ake sa mutum barci ta ƙare, motar da za ta kawo ba ta iso ba, a ba ni kunu. Gwaggo ta miƙe tsaye.

"Mun zo, munka koma, munka sake zowa, sau nawa ke nan? Ɗiyar ga tun asuba ba ta sha ko ruwa ba. Ku hwaɗi mamu gaskiya, in ba ku yi mu tai gida."

Ma'aikaciyar ta ce ita ma aiko ta aka yi. Na ɗauki kwanon kunun na jefar, ya fantsama a bango. Ban taɓa yin haka ba a rayuwata. Ba wanda ya dake ni. Baba ya ɗauko tsumma ya durƙusa yana goge ƙasa. Muka yi kwana tara a asibitin muna jiran mota, shi yana kwana a baranda, gonarsa tana can ciyawa tana cinyewa.

Ran da aka yi aikin ban tuna abu mai yawa ba. Fitila babba a sama, wani abu na roba da aka kifa mani a fuska, wari kamar na man fetur, likitan yana cewa in ƙirga a zuciyata. Da na farka akwai siririyar roba a hancina da ta gangara har ciki, wata a hannuna, bakina kuma cike fam. Na kai hannu na taɓa. Halshen yana waje, ya fi da girma, ga baƙin zare yana tsikarar yatsana. Na ɗauka ba su yi ba, ko sun yi ya lalace. Na fizgi robar hannun, aka danne ni. Gwaggo tana cewa likita ya ce kumburi ne, zai saɓe, ni kuwa na gaji da jin abin da aka ce. Na juya fuska ga bango, kwana uku ban dubi kowa ba.

Ya saɓe ɗin, a hankali. Ta robar hanci ake ɗura mani madara da kunu da sirinji. Kullum ana wanke mani baki da wani ruwa mai ɗaci. A rana ta goma sha ɗaya na farka da safe na ji wani abu baƙo, leɓena na sama yana taɓa na ƙasa. Na kwanta shiru ina jin yadda iska take bi ta hanci kawai. Gwaggo ta ara mani madubi wurin wata mai jinya. Na ga wata yarinya mai doguwar haɓa, bakinta a rufe. Da na buɗe sai na ga haƙoran gaba ba sa haɗuwa, na ƙasa sun kwanto waje, akwai rata da yatsa zai shiga, don shekara tara halshen yana tura su. Likitan ya ce wannan wani aiki ne dabam, na masu gyaran haƙori, kuma babu su a nan.

Da aka cire robar hanci na jira har ɗakin ya rage mutane, na ce bari in kira Gwaggo. Na shirya kalmar a kaina, na buɗe baki. Abin da ya fito ya fi na da muni. Halshen ya yi gajere, ya yi tauri, ban san inda bakinsa yake ba. Duk dabarun da na ƙirƙira na yin magana da tsohon halshe sun tashi a banza, sabon kuma ba wanda ya nuna mani yadda ake aiki da shi. Gwaggo ta ce, "Mi kika ce?" Na ja zane na rufe kaina.

Da muka koma ƙauyenmu gidan ya cika. Inna ta riƙe fuskata da hannu biyu tana dubawa tana hawaye. Mata suna ta shigowa, kowace ta ce in buɗe ta gani, sannan ta ce to faɗi wani abu mu ji. Na ƙi. Suka fita suna cewa an gyara fuska dai, amma maganar tana nan yadda take. An ce mu koma birni bayan wata guda likita ya duba. Muka shirya, aka ce masu motoci sun shiga nasu yajin, daga baya kuma ga girbi, ba mu koma ba.

Zaren ɗinkin irin mai narkewa ne, amma guda ɗaya ya ƙi, ya zauna can gefe yana yi mani ƙurji. Baba ya kai ni Gazawa. Muka tarar ranar zaɓe ce, ma'aikata duk sun tafi layi, muka zauna a baranda har la'asar. Majo ya dawo da tawada a yatsa, ya wanke hannu, ya sa ɗan hantsaki ya kama zaren ya ja. Zafin ya ratsa ni har kunne. Ban shirya komai ba, na dai ji na ce, "Da zafi."

Ya ce, "Na sani, yi haƙuri, saura kaɗan."

Sai da muka fito na lura bai tambayi Baba abin da na ce ba.

Sauran ni na koya wa kaina, a bayan rumbu, ina maimaita kalma ɗaya sau ɗari ina lalubar inda halshen zai taɓa. Da aka buɗe lakol aka maida mu duka ajin da muka bari, shekarar ta tafi a banza. Sabon mushe bai yarda da ɗaga allo ba, ya ce kowa da baki zai amsa, don haka na yi shekara uku ban ɗaga hannu ba ko da na san amsa. Halshen ya ɗan ƙaru ina budurwa, ya tsaya, bai sake fitowa ba, sai dai yakan kumbura in na yi mura. Haƙoran ba a taɓa gyara su ba, da gefe nake gatsa. Akwai baƙaƙe biyu ko uku da har yau ba su fita daidai, in zan yi magana a gaban mutane nakan zaɓi kalmomin da ba su a ciki. A waya kuwa sau da yawa sai an ce in sake faɗa. Ina sakewa, amma ba da daɗin rai ba.